"Mu Ma Ana Kashe Mu" Ba Ta'aziyya Ba Ce

 Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, har wasu sun fara ƙorafin wai na bar jaruma tsaye a bakin kotu na tafi yawona. Ku yi mini afuwa, wannan makon ba soyayya na zo da ita ba. Wata magana ce ta tokare mini maƙogwaro shekara da shekaru, duk sanda hunturu ya sauka, Disamba ta raba tsakiya, sai ta taso mini. Bana dai na ce sai na amayar da ita, wanda zai zage ni ya zaga. Dama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da langa. A gidanmu nan Tudun Wada, tun ina yaro, babu Kirsimetin da za ta wuce ba a aiko mana da wata babbar langa daga Wusasa ba, cike da shinkafa da miya da soyayyen nama. Mai aikowar aminiyar mahaifiyarmu ce, muna ce mata Inna. Bahaushiya ce gaba da baya, kuma Kirista ce gaba da baya, don a cikin addinin iyayenta suka haife ta. Saboda mu, mahauci Musulmi take kira ya yanka mata akuyar. Mu kuma in Babbar Salla ta zo, cinya guda ta ragon layya tata ce, ba a ma shawara. Hajiyarmu ta rasu, langa ba ta daina zuwa ba. Hausar da Inna ke yi kuwa, wallahi ni da nake ci da Hausa ban kama ƙafarta ba. Karin maganar da masu karatu suka fi yaba mini a littattafaina, rabinsu daga bakinta na tsinta.

Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, da hantsi, muna zaune a ƙofar shago muka ji wata ƙara daga nesa. Damina ce, sai muka ɗauka tsawa ce, har wani ya ɗaga kai yana neman hadari. Ba a jima ba labari ya iso: an tayar da bom a cocin ECWA da ke Wusasa, an tayar da wani a babban cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Gari, ga na uku can Kaduna a Tirkaniya. Mu 'yan Tudun Wada muna tsakiya, mutuwa ta hagu, mutuwa ta dama. Boko Haram ta fito ta ce ita ce. Jikan Inna, yaro ɗan shekara tara a lokacin, yana kusa da wurin da na Wusasa ya tashi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma kunnensa na hagu ya tafi ke nan har yau.

Ban je jaje ba. Wannan ita ce maganar, kuma ba zan yi mata ado ba.

Da farko ina da uzuri, an sa dokar hana fita. Kafin a ɗage ta, labarin Gonin Gora ya cika gari: matasa sun tare hanyar Kaduna zuwa Abuja suna fiddo Musulmi daga mota suna kashewa, wai ramuwar gayya. A majalisarmu, a teburin mai shayi, a ƙofar masallaci bayan isha'i, ba a maganar Wusasa, Gonin Gora kawai ake yi. Ni ma zuciyata ta tafasa. Duk sanda na tuna da yaron nan sai wata murya ta ce mini, "To, ai mu ma an kashe mana." Sati ya wuce, wata ya wuce, daga nan kuma sai kunya ta hana ni. Da Disambar shekarar ta zo, ran 25 da azahar, sai ga sallamar ɗan aike da langa a kansa. Ban iya cin shinkafar nan ba, yara suka cinye.

To jama'a, a kan wannan jimla nake so mu tsaya: "mu ma ana kashe mu." Ba ƙarya ba ce, kuma kada wani ya ce na ce ƙarya ce. Ni ɗan Zariya ne, ba sai an ba ni labari ba. A garin nan aka harbe Sheikh Albani da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014. A garin nan, a Disambar 2015, aka kashe 'yan Shi'a, gwamnatin jiha da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Na san Zangon Kataf a 1992, na san Yelwan Shandam a 2004, na san Zonkwa a 2011. Na san babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwambar 2014, na san Tudun Biri da 'yan Mauludin da jirgin soja ya hallaka a Disambar 2023, na san mafarautan nan 16 da aka ƙona a Uromi a 2025. Zamfara da Katsina da Birnin Gwari da Giwa kuwa, an daina ƙirgawa ma. Duk wanda ya ce Musulmin Arewa ba ya zubar da jini, ko makaho ne ko maƙaryaci.

Amma don Allah mai karatu, ka taɓa zuwa gidan makoki ka zauna a kan tabarma, ka dubi wanda uwarsa ta rasu ka ce masa, "Ai ni ma tawa ta mutu bara, kuma ta fi taka shan wahala"? Wane Bahaushe ne zai yi haka ba a ce ya zautu ba? Abin da aka koya mana shi ne ka durƙusa ka ce ya haƙuri, Allah ya ba da dangana, ka yi shiru na ɗan lokaci, ka tashi. Ba a zuwa ta'aziyya da sikeli. Amma da zarar mamacin Kirista ne, sai ka ga duk mun zama 'yan kasuwar hatsi, kowa ya zaro mudunsa yana awon gawa. Tun ba a ɗauke tasu daga ƙasa ba mun fara jero namu. Wannan gardama ce muke yi a kan kabari, kuma ni na yi ta, shi ya sa na san ɗanɗanonta.

'Yar autar Inna, wadda ke ce mini Yaya, ita ta fara ganar da ni wani abu game da wannan lokaci nasu. Mu daga waje shinkafa muke gani da sabon ɗinki da yara masu hular takarda suna yawo. Ta ce mini a kalandar cocinsu, washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, ranar tunawa da Istifanus ce, mutumin farko da aka jefe har lahira saboda bin Almasihu. Ran 28 kuma ta jariran Baitalami ce, waɗanda suka yi imani sarki Hirudus ya sa aka karkashe yana neman jariri guda. Wato murnar haihuwar ba ta kwana biyu sai an tuna da jini. Ta ce, "Yaya, da can labarin mutanen da ne muke ji a bakin fasto. Yanzu in ana karantawa, kowa a cikin coci akwai fuskar da yake gani."

Kuma gaskiyarta. A jajibirin Kirsimetin 2010 bama-bamai suka tashi a Jos. Ranar Kirsimetin 2011, mutane na fitowa daga cocin St. Theresa a Madalla ta jihar Neja, bom ya tashi da kimanin mutum 40, wasu iyali guda a cikin mota guda. Limamin cocin a wannan rana, Fada Isaac Achi, ya tsira. Shekara goma sha ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan, ran 15 ga Janairun 2023, 'yan bindiga suka banka wa gidansa wuta a Kafin Koro, ya ƙone a ciki. Ka duba wannan rayuwa, mai karatu, in da ni na rubuta ta a littafi da kun ce na cika ƙari. A jajibirin Kirsimetin 2023 kuma aka bi ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi aka kashe fiye da mutum 150, tukwanen biki na kan murhu. Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika, an kama shi a farkon Janairun 2020, ko kayan adon Kirsimeti ba a sauke ba, aka yanka shi ran 20 ga watan. Ga Leah Sharibu. 'Yan matan Dapchi 110 aka kwashe ran 19 ga Fabrairun 2018, bayan wata guda aka dawo da waɗanda suka rayu, aka riƙe ita kaɗai saboda ta ƙi barin addininta. Shekarunta 14. Ni ina da 'ya, na san abin da ake nufi da shekara 14. Da a ce yarinya Musulma ce wasu suka riƙe don ta ƙi cire hijabi, littattafai nawa kuke jin da mun rubuta a kanta? Waƙoƙi nawa? Da yanzu 'yan fim sun kai kashi na huɗu.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mini: "Malam, ka yi hattara, kana so ka kira su shahidai ne?" Ni ba malami ba ne, iyakata sakandare da makarantar allo da ɗan abin da na tsinta a zaure. Wa ya yi shahada, wa bai yi ba, wa zai shiga ina, wannan na Mai Sama ne, ban da kujera a wannan kotun, kai ma ba ka da ita. Haka batun ko ya halatta a ce barka da Kirsimeti, na bar wa malamai, su suka san inda suka karanto. Abin da nake magana a kai bai kai can ba. An kashe mutum ba da hakki ba, shin zalunci ne ko ba zalunci ba ne? Wannan ko tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Tudun Wada za ta ba ka amsa ba ta buɗe littafi ba.

In kuma littafin ake so, ai yana hannunmu. Duk yaron da ya yi nisa kaɗan a allo ya wanke Suratul Buruji, tana nan cikin izun Amma, muna jin ta a sallar magariba. Labarin mutanen rami ne, waɗanda aka haƙa wa ramuka aka cika da wuta aka jefa su saboda imaninsu. Da yawan masu tafsiri sun ce mutanen Najran ne, mabiya Annabi Isa (AS), waɗanda sarkin Yaman Zu Nuwas ya ƙona wajen shekara ta 523, kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Za a ce mini ai waɗancan masu tauhidi ne na kafin aiko Annabi. Na ji, ban musa ba. Amma ku koma ku duba wa surar ta la'anta da abin da ta la'ance su a kai. Ba masu hura wutar kaɗai ta ambata ba, har da yadda suka zauna a gefenta suna kallon abin da ake yi. Ni dai tun ran 12 ga Mayun 2022, da aka jefe Deborah Samuel aka ƙona ta a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, na ga matasa sun kewaye wuta da wayoyi a hannu suna ɗauka, wani har yana nuna ashanar, ban sake jin surar nan yadda nake jin ta da ba. In ta yi laifi, ina kotu? Ina alƙali, ina shaidu? A wace mazhaba aka ce ɗalibai su zama masu ƙara, su zama alƙalai, su zama hauni, duk a cikin sa'a guda? Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Allah ya saka. Atiku Abubakar ma an sa tir a shafinsa na Twitter, da aka yi masa ca ana barazanar hana shi ƙuri'a sai aka goge, ya ce ba da izininsa aka sa ba. Wannan gogewar ta fi komai nuna inda muke, don ɗan siyasa ba ya tsoron abin da babu shi. Ya leƙa zuciyar jama'a ne ya ga abin da ke ciki. Bayan shekara guda, a Yunin 2023, a Sakkwaton dai, taron jama'a ya kashe Usman Buda, mahauci, Musulmi mai salla, da irin wannan zargi. Wutar da aka yi wa shiru ba ta tambayar sunan wanda za ta ci a gaba.

Yanzu bari in dawo gida, in zo kan mu marubuta, don da ku nake.

A cikin kanmu mun gina wani gari wanda duk Bahaushen cikinsa Musulmi ne, Kirista kuma baƙo ne da ya zo daga kudu da akwatinsa, in an yi rikici ya koma garinsu. To Inna ina za ta koma? Ina ne garinsu in ba nan ba? Daga Tudun Wada zuwa Wusasa ko kuɗin mai Keke Napep bai taka kara ya karya ba, amma da yawanmu mun fi sanin unguwannin Dubai da muke kai jarumanmu yawon amarci a kan tarihin mutanen da ke gindin Dutsen Kufena.

Masana tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajen shekarun 1860, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa fiye da yadda malaman fada za su lamunta. Ba mishan ya gani ba, ba Bature ya gani ba. Aka kira shi ya janye, ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa. Almajiransa, da ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu ƙasar Zazzau. Jikokinsu ne suka haɗu da Likita Mila, wato Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS da ke zaune cikin birnin Zariya tun 1905, wajen 1913. Aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya shiga ya yi musu kaca-kaca, waɗanda suka rage suka dawo Zariya. A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, aka gina cocin St. Bartholomew a 1929, ginin ƙasa irin namu, wanda in ka hango shi sai ka ce zauren wani basarake ne. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Ba ina ba ku wannan tarihi don ku yarda da aƙidar Malam Ibrahim ba ne, ni ma ban yarda da ita ba. Ina so ne ku ga cewa mutanen nan daga cikinmu suka fito, kakanninsu da namu tabarma ɗaya suka zauna.

Kuma ba zaman banza suka yi ba. Likitan farko da Arewa ta samu, Dokta R.A.B. Dikko, wanda asibitin Barau Dikko na Kaduna ke ɗauke da sunansa, ɗan wannan gida ne, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, a makarantar Wusasa ya yi karatu. Janar Yakubu Gowon a can ya tashi. Matan Tudun Wada nawa ne suka haihu a asibitin Wusasa? Ku tambayi iyayenku.

Amma wanda ya fi damuna shi ne namu na gida. Duk marubucin da aka tambaya tarihin ƙagaggen labarin Hausa zai jero maka littattafai biyar na farko da Hukumar Fassara ta buga a nan Zariya bayan gasar 1933: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi, da Jiki Magayi. To a cikin biyar ɗin, wanne ne kakan sana'armu? Wanne ne ya ɗauko saurayi da budurwa da mai kuɗin da ya shiga tsakani? Jiki Magayi ne, labarin Abubakar da Zainabu da Malam Shehu. Wa ya rubuta shi tare da Rupert East? John Tafida, Kirista, mutumin Wusasa. Wato mu 'yan adabin kasuwa da muke cin abinci da auren dole da kishiya da attajiri mai ƙwace budurwa, a gonar da ɗan Wusasa ya fara sara muke noma. Ku lura kuma, mutanen cikin littafinsa Musulmi ne, ya san gidajenmu, ya san malamanmu da bokayenmu, ya rubuta mu a matsayin mutane masu so da ƙi da kuskure. Har ma abin da labarin ke nunawa, yadda ramuwar gayya ke cin wanda bai ji ba bai gani ba kamar yaron nan Kyauta, sai ka ce Kaduna ya hango.

Mu kuma me muka yi masa? Ku ɗauko littattafanmu na Kano da Kaduna da Zariya tun daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa waɗanda ake turawa ta waya yau, ku nemo mini Kirista a ciki. In kun same shi, ɗaya daga cikin uku ne: ko mai sayar da kayan gyaran mota da ke karya Hausa don a yi dariya, ko muguwar mata mai ƙananan kaya da ta zo raba Alhaji da uwargida, ko kuma kyakkyawar yarinya mai hankali wadda tun shafi na goma kowa ya san za ta musulunta a shafin ƙarshe a canja mata suna. Bahaushe Kirista, mai gona, mai 'ya'ya, mai bashi, mai ciwon baya, wanda zai shiga labari da addininsa ya fita da shi, babu shi. Ba na zargin kowa da abin da ban yi ba. Ni ma na rubuta irin ta ukun, kuma littafin ya yi kasuwa, an sake buga shi. 'Yar autar Inna ta saya da kuɗinta ta karanta. Da muka haɗu a gidan biki ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ta ce, "Yaya, littafin ya yi daɗi. Amma ashe mu ba ma zama mutanen kirki sai a shafin ƙarshe?" Na yi dariya na ce ai labari ne. Ba ta ce komai ba. Yau shekaru ke nan ina neman amsar da ta fi wannan.

Kada wani ya ce mini wannan ƙaramin abu ne. Yaron da ya tashi bai taɓa karanta Kirista a matsayin mutum ba, bai taɓa ganinsa a fim yana kuka a kan gawar ɗansa ba, kalmar da ya sani kawai ita ce arne, ranar da aka ce masa ga arne can ya yi kaza, me zai riƙe hannunsa? Na ga wannan da idona. Ina ɗan firamare a Maris ɗin 1987, lokacin da rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fantsamo Zariya aka bi coci-coci ana ƙonawa. Abin da na riƙe shi ne hayaƙi, da manyan yara suna gudu da bencina a ka suna dariya kamar ranar hawan salla. Iska ta kawo wata takarda ƙofar gidanmu, rabinta ya ƙone. Na ɗauka na kai wa yayana ya karanta mini, ina jiran in ji Turanci ko wani yare. Sai ga Hausa, tsantsarta, irin wadda muke yi a tsakar gida. Ya yi sauri ya jefar ya ce kada in faɗa wa Baba.

A 2007, da hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafanmu a Kano aka cinna musu wuta a gaban 'yan makaranta, wane irin kuka ne ba mu yi ba? Taro, takardar koke, hira da gidajen rediyon waje, muna cewa yau an ƙona littafi gobe marubuci za a ƙona. Mun yi daidai. To ga mutum an ƙona, ba littafi ba, da rana tsaka, an ɗauka a waya. Ina taron? Ina takardar? Alƙaluman da suka yi kaifi a kan takarda duk sun dakushe da aka zo kan nama da jini.

Sai da Donald Trump ya buɗe baki a ƙarshen 2025, ya ce ana yi wa Kiristoci kisan kiyashi a Nijeriya, ya yi barazanar shigowa da bindiga, har Amurka ta kai hari jihar Sakkwato a daren Kirsimetin shekarar, sannan kowa ya farka ya zama marubuci. Ni ma ban yarda da lissafinsa ba, don ya share gawawwakin Musulmi kamar ba mutane ba, kuma wanda ya ga abin da aka yi wa Iraƙi da Libiya ba zai yi wa jirgin yaƙin Amurka lale marhabin ba. Amma ku auna tawadar da muka ƙarar wajen mayar wa Trump martani da wadda muka taɓa ƙararwa wajen yi wa maƙwabcinmu jaje. Mun bar ɗan'uwa yana kuka shi kaɗai shekara da shekaru, da wani daga ƙetare ya zo ya dafa kafaɗarsa, ko da da wata manufa, sai muka ce ɗan'uwan ya ci amanar ƙasa. Ɓarakar da muka bari a bango, ta nan ƙadangare ya shigo.

Na san a can ɓangaren ma akwai masu irin halinmu, waɗanda in ka ambaci Zonkwa ko Gonin Gora sai su kau da kai su ce ai su aka fara. Akwai masu cin abinci da gawar Kirista a ƙasashen waje kamar yadda muke da masu cin abinci da tamu a kan mumbari. Wannan aikin marubutansu ne su faɗa musu, kuma ina fata su yi. Ni ƙofar gidanmu aka ba ni tsintsiya in share. Laifi tudu ne, na gaji da taka nawa ina hango na wani. Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, ranar da Kiristoci 262 suka gudo masa a Yunin 2018, bai tsaya tambayar su nawa aka kashe mana a Yelwan Shandam ba. Ya buɗe masallaci da gidansa ya zuba su, ya fita ya tsaya a gaban masu bindiga yana roƙonsu. Tsoho ne, ya haura 80 a lokacin. Littafi nawa muka rubuta a kansa shi ma?

Sai bara na je Wusasa. Na ɗauki langar da kaina, uwargida ta zuba dubulan da alkaki a ciki don ba a mayar da kwano wayam. Tun daga Tukur-Tukur nake shirya jawabin da zan yi, na neman gafara, da bayanin dokar hana fita da sauransu. Na tarar da Inna a tsakar gida a kan tabarma tana shan hantsi, idon ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Ta ce, "A'a, ɗan nan, kai ne a gidanmu? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara." Na durƙusa na fara, "Inna, tun abin da ya sami yaron nan..." Ta ɗaga hannu ta ce in bari, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta tambaya ko an gyara rufin ɗakin Hajiya da ke yoyo. Sannan ta ƙwala wa jikan kira. Ya fito, ya zama saurayi har da gemu, ya fi ni tsawo. Na miƙa masa hannu na ce, "Sannu, ya jiki? Ya haƙuri da abin da ya faru?" Sai ya juyo da kansa gefe, ya miƙo mini kunnen dama, ya ce, "Na'am, Kawu? Sake faɗa, ban ji ba."

Na sake faɗa da ƙarfi.